Yaɓen da Safiyanu Ya Yi wa Dam

Har yau, idan hadari ya haɗo daga gabas, Malam Safiyanu ba ya iya cin abinci. Matarsa Hassana ta gaji da yi masa magana, yanzu sai dai ta rufe kwanon ta ajiye masa har sama ta washe. Gajeren mutum ne, ya haura sittin, tafin hannunsa faffaɗa mai kaushi. A Rafin Marke, wani ƙauye da ke gefen Likoro a ƙasar Kudan, kowa ya san ba haka yake ba a da. Shekara goma sha takwas ya yi yana gadin dam ɗin garin, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya kai shi murnar ganin ruwan sama.

Asalinsa magini ne, ɗan magini, jikan magini. Tun yana ɗan shekara tara yake miƙa wa mahaifinsa tubali, kafin ya yi aure kuwa har ya fi uban iya yaɓe. Idan Safiyanu ya kwaɓa jar ƙasa da ramno, wato dakakkiyar ciyawa, ya bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, ya shafe maka soro ya bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, to ka yi barcinka, sai ka shekara bakwai ba ka sa kwano tarar ɗiga ba. Daga Hunkuyi har Nasarawan Doya ana aiko masa. Shi ma ya san da haka, kuma bai iya ɓoye jin daɗinsa ba. Yakan bi ta gaban gidan da ya yi wa aiki shekaru da suka wuce, ya tsaya ya shafa bangon, ko da mai gidan bai san ya zo ba.

Sai bulo da kwano suka shigo suka kashe masa kasuwa. Wanda duk ya sayar da rake ko barkono ya ga kuɗi a hannu, siminti yake nema. Safiyanu ya koma ɗaukar kaya a kasuwar Maƙarfi, yana lodin rake da hannun da ake yi wa kirari, ba ya ce wa kowa komai amma abin yana cinsa.

Shekarar da aka zo yin dam, katafila ta tare kwarin da ke arewa da gari, aka yi ta zuba ƙasa ana dannewa har bango ya tashi, tsawonsa ya kai tafiyar minti biyar, tsayinsa ya fi ɗaki uku a ɗora. Safiyanu ya shiga cikin leburori, sai dai bakinsa bai iya shiru a kan ƙasa ba. Yakan damƙi wadda tifa ta juye, ya murza, ya sansana, ya ce wannan yashi ya yi mata yawa. Shugaban aikin ya yi ta dariya, daga baya ya lura mutumin ba ya kuskure. Da za su tafi, shi suka bar wa makullin bawul ɗin sakin ruwa da 'yar rumfar kwano a kan bango.

Ruwa ya taru, masu noman rani suka samu abin yi. Amma abin da ya kama zuciyar Safiyanu daban ne. A shekara ta biyu kirinjijiya suka sauka, garke guda, suna fito da asuba. Zalɓe ya zo ya kafa ƙafa ɗaya a gefe, belbela suka mai da wata ƙirya fara fat, kififiya suka riƙa hawa duwatsu shan hantsi. A bayan bango kuwa, inda sabara da geza suka yi duhu, fakara suka yi ƙwai, guza da gafiya suka haƙa gidajensu. Mutumin da duniya ta ce ba ta bukatar aikinsa ya wayi gari yana da jama'a. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, har da wani guza mai guntuwar wutsiya da yake yi wa sannu da rana.

Shi ya je wurin Mai unguwa Sada ya roƙa a hana farauta a dam. Hujjar da ya kawo ita ce masu haƙar gafiya za su fasa bango, kuma gaskiya ya faɗa. Hujjar da bai kawo ba ita ce tausayi. Aka yi shela, aka hana. Samari suka sa masa suna Hakimin Gafiya, yana ji yana murmushi, don a ransa sarautar ba ta yi masa ƙanƙanta ba. Kurmin bayan bango ma bai bari a sare ba, wai fakara na kwanci. Bai taɓa zama ya yi tunanin cewa gafiyar da ba a farauta tana haihuwa ba, kuma kowace 'ya sai ta haƙa nata ramin.

A ƙasan dam ɗin, inda tsohon rafi yake bi, akwai unguwar da ake kira Gangare, gida talatin da 'yan kai. A can aka kai 'yarsa Murja aure, tana da 'ya'ya mata biyu da jariri a goye.

Abin da ya fara sa masa tsoro ya gan shi ne da bazara, a wani ƙauye gaba da Nasarawan Doya, inda ya je gaisuwar mutuwa. Su ma suna da ƙaramin dam. Masu duba madatsun ruwa sun zo sun tarar da ramuka a bangon, suka ce a zuƙe ruwan, a sare kurmi a sa wuta, sai an gyara a sake tarawa. Shekara uku ke nan ana jiran gyara. Safiyanu ya taka har tsakiyar wurin, ƙasa ta tsattsage, ga ƙoƙunan kififiya a kife birjik, ko tsuntsu ɗaya babu. Ya dawo gida jikinsa a sanyaye, bai ba Hassana labari ba.

Ƙarshen watan Yuli saƙo ya zo cewa injiniya za ta zo duba nasu ranar Alhamis. Ranar Litinin da safe yana zagayensa, ya ji ƙafarsa ta nutse a gindin bango ta baya. Ya ɗaga reshen geza, sai ga ruwa yana fitowa daga wani tsohon ramin gafiya, siriri kamar na bakin buta. Ya daɗe a tsugune yana kallo, abin da yake gani kuwa ƙoƙunan nan ne a kife.

To, magini idan ya ga yoyo, abu ɗaya ya sani. Ya ɗebo jar ƙasa mai danƙo daga inda ya san tana da kyau, ya kwaɓa da ramno, ya bar ta ta kwana biyu. Ranar Laraba ya cusa ta cikin ramin iya tsawon hannunsa, ya daɓe, ya ƙara, ya daɓe, ya shafe da makuba. Sannan ya yanko ciyawa da saiwarta ya dasa a kai, ya watsa busasshen ganye, har kashin awaki ya barbaɗa. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Kuma kada a ɗora masa laifin shi kaɗai: a ranar duk gari shara ake yi, an cike ramukan hanya, an shafe rumfar gadi da farar ƙasa. Mu dai haka muke, ba ma nuna wa baƙo tsagar bango, ko da baƙon tsagar ya zo dubawa.

Injiniya Wasila ta iso da hantsi, yarinya ce da ba ta fi sa'ar Murja ba, da takalmin roba da sandar ƙarfe a hannu. Ta bi bangon daga wannan kai zuwa wancan, tana caka sandar, tana rubutu. Ta yi faɗa a kan kurmin, ta ce da zarar damina ta wuce a sare shi, ramukan da ta gani kuma a cike su. Da suka sauka baya, ta zo ta tsaya daidai kan yaɓen, ƙafarta a kan ciyawar da ya dasa jiya, tana gyara hijabi. Ta dubi ƙasa, ta dubi sama, ta wuce.

A rumfa ta ɗauko wata robar ruwa da ta shanye ta miƙa masa.

"Baba, riƙe wannan. Bangon ƙasa ba ya rasa gumi, wannan ba abin tsoro ba ne. In ka ga ruwa na fitowa ta baya, ka tara a nan ka ɗaga wa rana. In garau yake, ka faɗa mini mu sa ido. In ka ga ya yi ja, to ƙasar bangon yake ɗebowa, ka kira ni ko ina nake. Abu ɗaya dai nake roƙonka, kada a toshe."

Ya ce, "In aka toshe fa, ranki ya daɗe?"

"Ruwan ba ya komawa baya, Baba. Taruwa yake yi a cikin bangon, ya jiƙa shi, ya nemi wata hanya. Yashi da tsakuwa muke zubawa a bakin, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Amma in aka liƙe, sai ka ga bango lafiya lau daga waje, ciki kuwa ya zama kunu."

Ya buɗe baki zai yi magana, Allah ya sani ya buɗe. Sai Mai unguwa Sada ya dafa kafaɗarsa ya ce wa baƙuwar, "Ai mu mun yi dace. Wannan da kike gani, duk ƙasar nan ba wanda ya san ƙasa kamarsa." Aka shigo da dambu da soyayyun zabi. Wasila ta sa hannu a takarda cewa dam yana nan lafiya, ta sa masa lambarta a waya, mota ta tashi.

Daga ranar barci da abinci suka ƙaurace masa. Ya yi tunanin ya je ya fasa yaɓen, sai ya tuna ruwan da ya taru a baya, wa ya san da ƙarfin da zai fito? Ya yi tunanin ya bar shi, sai ya ji muryarta tana cewa kunu. Ya ɗauko waya ya fi sau goma, ya nemo sunanta, ya mayar aljihu. Jiya da ya faɗa da sauƙi, yau ya fi wuya, gobe kuma ta fi yau. Sai ya riƙa lallashin kansa da cewa yarinya ce, a takarda ta karanta, shi kuwa shekara hamsin hannunsa na cikin ƙasa, kuma yaɓensa bai taɓa ba shi kunya ba.

Ya daina sa takalmi. Kullum da sassafe yakan bi gindin bango da tafin ƙafa yana jin inda ya yi taushi. A rana ta tara ya sami sabon wuri, taku goma daga yaɓen, ruwa na tsattsafowa ta cikin ciyawa. Ya tara a roba ya ɗaga. Garau. Ya yi hamdala ya fi a ƙirga, amma ƙafarsa ta riga ta gaya masa cewa duk tsakanin wuraren biyu ƙasa ta yi laushi kamar cikin gurasa.

Da yamma ya gangara Gangare wai ya je gaida surukai. Ya tsaya a ƙofar gidan su Murja ya waiwaya. Shekara goma sha takwas yana kan bangon nan yana kallon ƙasa, bai taɓa tsayawa a ƙasa ya kalle shi da kyau ba. Ya tokare sama, ya rufe rabin arewa, kuma duk ruwan da ya sani yana bayansa, sama da kan kowa. Jikokinsa biyu suna 'yar gala-gala a tsakar gida. Murja ta kawo masa ruwa ta durƙusa, ta ce, "Baba, lafiya kuwa? Ka rame." Ya ce zazzaɓin damina ne.

A hanyar komawa dabara ta zo masa, irin dabarar da tsoro ke kawowa. Ya aika wa Murja cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, ta zo ta yi jinya. Hassana da ta ji, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, ni za ka jawo wa ciwo da bakinka? Ɗan tarin da nake yi ne ya zama jinya?" Ya ce ta yi haƙuri, kewar yaran yake yi. Murja ta zo washegari, amma da jariri kawai, manyan ta bar su wurin kakarsu saboda Islamiyya. Safiyanu ya ga ta shigo ita kaɗai da goyo, ya gane dabararsa ba ta ci ba. Ta kwana biyu, ta ga uwar tana daka har da waƙa, ta yi dariya ta ce tsufa ya fara taɓa Baba, ta koma ɗakinta.

Bayan tafiyarta ne kunya ta kama shi, kunyar da ta fi tsoron ciwo. Ashe ya yarda a ransa cewa bangon zai iya tafiya, tunda har ya nemi janye tasa. Sauran gida talatin ɗin fa? Ya san su duka, ya ci tuwon sunan rabin yaran unguwar. Duk da haka bai kira ba. Ya ƙara sallolin nafila, ya yi ta roƙon Allah ya tsaida ruwa, a watan Agusta, lokacin da kowane manomi ke roƙon akasin haka.

Rana ta ashirin da uku bayan yaɓen, aka tashi da ruwa tun asuba, bai ɗauke ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Safiyanu ya fita da buhu a ka. Dam ya cika har yana zuba ta mafitar da ke gefe, amma mafitar ta yi kaɗan. A saman bango ya ga tsaga, doguwa, ta bi tsawonsa, yatsa na shiga. Ya sauka baya da ja da gindi. Wurin da ke tsattsafowa ya zama ido uku, kowanne na tafasa. Ya tara a roba, bai ma bukaci ɗagawa ba, ja ne kamar kunun kanwa. Yaɓensa kuwa yana nan daram, bai ɗiga ko ɗigo ba, sai dai ƙasar da ke kewaye da shi ta kumbura ta turo shi gaba.

Yana tsaye sai ya ga motsi a cikin geza. Gafiya ce, ido na ganin ido, ta fito da ɗanta a baki, ta bi ta kan ƙafarsa ba ta ko kula shi ba, ta haye tudu. Ta dawo ta ɗauki wani. Can ga wata, ga wata. Guzan nan mai guntuwar wutsiya ya ratsa ciyawa ya nufi gona bai waiwayo ba. Duk jama'ar da ya yi wa ƙarya domin su, suna kwashe 'ya'yansu suna barin bangon. Nasa jikokin suna ƙasa suna karyawa.

Ya ɗauko waya ya kira Injiniya Wasila.

"Ranki ya daɗe, Safiyanu ne na Rafin Marke. Ruwan ya yi ja. Kuma akwai abin da ban faɗa miki ba. Akwai rami, na toshe shi."

"Yaushe?"

"Ana gobe za ki zo."

Da ta yi magana, muryarta ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

"Baba, a fitar da mutanen ƙasa yanzu, su hau tudu. Kada a tsaya kwasar kaya. Ka buɗe bawul gaba ɗaya, kada kowa ya taɓa wurin da ka toshe. Ga ni nan tafe."

Ya buɗe bawul, ya ruga gidan Mai unguwa, tsoho da shi yana faɗuwa a taɓo yana tashi. Sada ya saurare shi ya ce, "Malam Safiyanu, anya ba firgita ka yi ba? Injiniya da kanta ta sa hannu, sati uku ke nan." Sai da ya faɗi abin da ya yi, a tsaye, a gaban masu zaman zaure. Sada ya ɗauki sandarsa suka gangara tare.

A Gangare aka tara mutane a ƙofar masallaci. Ba wanda ke son barin ɗakinsa da rumbunsa cikin damina saboda maganar baki. Safiyanu ya sake faɗa, karo na uku a safiya ɗaya, cewa ya ga yoyo ya yaɓe ya ɓoye. Sai Malam Usmanu, surukin Murja, dattijo mai son zaman lafiya, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To ai alhamdu lillahi. In dai kai ka yaɓe da hannunka, mu koma mu ci gaba da harkokinmu. Soron mahaifina kai ka shafe shi, har ya rasu bai ga ɗiga ba." Mutane suka gyaɗa kai, wasu har sun fara juyawa.

Wannan shi ne abu mafi ban tsoro da Safiyanu ya taɓa gani: sunan da ya shekara hamsin yana ginawa ya tsaya tsakanin mutane da tsira. Ya durƙusa a cikin taɓo, gwiwa biyu, ya ɗaga robar nan sama.

"Malam Usmanu, don girman Allah ku dubi wannan. Wannan jan da kuke gani bangon ne, shi ne yake narkewa yana fitowa. Yaɓena bai fashe ba, kuma rashin fashewarsa ne ya jawo. Ban san aikin dam ba. Soro na sani, na ɗauka duk ɗaya ne. Ni jahili ne a wannan, na yi ƙarya kuma. Ku zage ni a kan tudu, amma ku tashi."

Hawaye ya haɗu da ruwan da ke fuskarsa. Murja tana daga bayan mata, ba ta taɓa ganin mahaifinta a ƙasa ba. Ta kama hannun 'ya'yanta biyu ta nufi hanyar makarantar firamare da ke kan tudu. Maƙwabciyarta ta bi ta. Daga nan unguwa ta tashi, da awaki da kaji da tsofaffi a baro.

Wasila ta iso bayan azahar, ta dubi idanun ruwan nan, ta dubi tsagar, ta hana kowa hawa tsakiyar bango. Ta sa maza suka kama diga da shebur suna faɗaɗa mafitar gefe, masu noman rani suka kawo injinan ban ruwa goma sha ɗaya aka jera suna zuƙa. Safiyanu yana cikin masu diga, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya yi masa magana. Kowane ɗan lokaci yakan ɗaga kai ya dubi Gangare, ya ga ko wani ya koma ɗauko wani abu. Sau biyu aka koro wata tsohuwa da ta tuna da tukunyarta.

Zuwa la'asar ruwa ya sauka kamu ɗaya. Har wasu sun fara cewa an tsallake. Sai aka ji wani sauti mai nauyi, ba mai ƙara ba, kamar an sauke buhun hatsi daga mota. Bayan bango ya zame ya zauna, daidai wurin yaɓen. Saman ya rufta a hankali, ruwa ya leƙo ta gibin, sannan ya buɗe shi. Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya suna kewaya sama. Daga kan tudu mutane suna kallo jan ruwa ya bi tsohon rafi, ya kwantar da masara, ya shiga Gangare har ƙirjin mutum. Ɗakunan ƙasa suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, ba a jin komai sai salati.

Mai unguwa ya sa aka yi ƙidaya a filin makaranta, gida gida, kowane mai gida ya kira nasa da suna. Safiyanu yana tsaye a jikin tagar aji, duk sunan da aka kira sai ya kasa kunne har a amsa. Aka zo kan wata yarinya aka kira sau uku shiru, sai ga ta an same ta tana barci a ƙarƙashin benci. Mutum ɗari biyu da sittin da huɗu, ba a rasa ko ɗaya ba. Gida tara sun tafi, har da na su Murja.

Kafin magariba ya koma bayan aji ya zauna shi kaɗai. Murja ta zo da kwanon ɗanwake da aka dafa wa jama'a, ta durƙusa ta ajiye a gabansa kamar yadda ta saba. Ba ta tashi ba.

"Baba, kwana nawa ka yi da sani?"

Ya so ya rage, bakinsa ya ƙi. "Ashirin da uku da na toshe."

Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin goyo. "Ranar da na baro su na zo jinyar Inna, ka sani ke nan."

"Na sani."

"Da na ce zan koma, ka raka ni har bakin hanya."

Ta jira, ta ba shi lokaci mai yawa, don yarinya ce mai ladabi. Sannan ta tura kwanon kusa da shi ta ce, "Ka ci, Baba, tun safe ba ka sa komai a cikinka ba." Ta miƙe ta koma cikin matan Gangare, ta jawo 'ya'yanta biyu ta zaunar da su a gabanta, ta juya masa baya.